Ranar da Shamakin Gavan Ya Faɗi

Shafi na 37

Ku da kuka cika min waya da faɗa tun jiya, wai na kashe muku Ambrose na je na yi barcina, to ga ni. Wadda ta rantse za ta fice daga zauren nan kuma, ki ajiye jakarki ki karanta wannan tukuna.

*

"Uku," in ji Gavan daga bayan shamakin kwalinsa. "Teku ta ɗauke shi, Des. Yi haƙuri."

Desley ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara a gadon baya.

Dokar wasan ai kowa a teburin ya san ta. In igiyar ruwa ta kwashe mai gadi daga kan dutse, Mai Teku zai jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ɓoye. Goma zuwa sama, ka tsira. Ƙasa da goma, ka nutse, babu roƙo, babu a sake.

Gavan shi ne Mai Teku. Shi ke jan labarin, shi ne iska, shi ne ruwa, shi ne duk wani mugu da za su gamu da shi. Sauran ukun, ita da Sefo da Marika matar Gavan, su ne masu gadin fitilar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, kowa da mutuminsa da yake magana da bakinsa. Tun Gavan yana da baƙin gashi ake wannan zama duk Lahadi da rana, a ƙuryar shagonsa da ke garin Devonport na tsibirin Tasmania.

Nata mutumin shi ne Ambrose. Ko in ce na Kelvin.

Kelvin yayanta ne, masassaƙin jirgin ruwa. Shi ya ƙirƙiro Ambrose, shi ya yi wa ɗan mutum-mutumin darmar fenti da hannunsa, rigar ruwa ruwan ɗorawa da gemu fari. Da ciwon huhu ya tafi da Kelvin, Desley da a da take musu dariya wai ƙarti sun zauna wasan yara, ita ce ta zo ta ja kujerarsa ta ce a koya mata. Tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba. In Ambrose ya yi fushi, har tsakin Kelvin take ja, Marika ta yi ta share ido a ɓoye.

Kuma tun ranar farko ta faɗa musu, ba wasa a fuskarta: "Ranar da Ambrose ya shiga kwalba, ni da teburin nan mun rabu."

"Haba Baba Gavan!" Sefo ya dafe kai da hannu biyu. Ƙato ne, ɗan asalin Samoa, lodi yake yi a tashar jirgin ruwa, amma muryarsa ta koma ta yaro. "Uku fa ka ce? Ambrose ɗin? Mutumin da ya yi iyo da karyayyen hannu har tsibiri?"

"Ni na rubuta dokar?"

"To ka sake dubawa mana, ko sha uku ne."

"Sha uku ma me? Uku na ce, Sefo. Marika, turo kwalbar."

Marika ba ta turo ba. Kallon mijinta kawai take yi, wani irin kallo da Desley ba ta gane masa ba.

Desley da kanta ta miƙa hannu ta jawo ta.

Kwalbar matattu ke nan. Babbar kwalbar alewa ce ta da, cike da ruwan teku da aka ɗebo a bakin gaɓa. A ƙasanta 'yan mutum-mutumi ne kwance birjik, fentinsu duk ya saluɓe. Al'adar teburin ita ce mai shi zai saki mutuminsa da hannunsa, kuma abin da ya shiga ba ya fitowa.

Ta buɗe murfin. Warin gishiri ya daki hancinta.

Ta ɗauki Ambrose. Wallahi sai ta ji kamar ranar da aka ce ta watsa ƙasa a kan akwatin Kelvin.

Ta kai shi bakin kwalbar.

To jama'a, ƙofar shagon nan fa wuni take yi ba wanda ya taɓa ta. Tun da mutane suka koma sayen komai ta waya, kantocin Gavan suke ta ramewa. Rabin shagon ya ba wani mai gyaran waya haya, sauran rabin katunan yara ne ke riƙe da shi, su ma da ƙyar. Shi kuwa wasan Masu Gadin Fitila, wanda ya ƙirƙiro shi ya daɗe a ƙasa, waɗanda suka buga shi sun rufe, in ka cire teburin nan ni dai ban san wani wuri a duk Tasmania da ake yinsa ba.

Amma a daidai wannan lokacin, sai ga ƙofa ta buɗe.

Iskar bakin teku ta faɗo ciki da ƙarfinta. Ta kwashi takardar da Sefo ya naɗo soyayyen kifi da dankali a ciki, ta bugi shamakin, ya yi sama, ya kife a ƙasa, fam!

Shamakin da tun da aka fara zaman nan ba wanda ya taɓa ganin bayansa.

"Ku kau da kai!" Gavan ya daka tsawa, ya kifa tafin hannunsa cikin faifan da yake jefa lido. "Ba a kallon teku!"

Desley ta so ta kau da kan. Wallahi ta so.

Amma ido ya riga ya gani.

Hannun Gavan yana kife a kusurwar hagu. Ɗan lidon kuwa, ja mai farin rubutu, yana zaune abinsa a kusurwar dama, tsirara, ba abin da ya rufe shi.

Sha bakwai.

"Sannunku," in ji wata mata daga bakin ƙofa, tana kaɗe lemarta. "Mai gyaran waya yana nan kuwa?"

"Lahadi ce, baiwar Allah," in ji Sefo, ko waiwayawa bai yi ba. "Ja mana ƙofar."

Ƙofa ta rufe.

Desley ta janye Ambrose daga bakin kwalbar a hankali, ta dunƙule shi a hannu.

"Gavan."

"Na'am."

"Nawa ka ce?"

"Uku na ce. Sefo, ɗauko min shamakina."

Sefo ko motsi bai yi ba. Bakinsa a buɗe, idonsa a kan faifan.

"Ɗan lidon yana ina?" in ji Desley.

"Ga shi a ƙarƙashin hannuna. Me kike so ki ji kuma?"

"Ɗaga hannunka."

"Des, kin san doka..."

"Na ce ɗaga hannunka!"

Ya ɗaga.

Ba komai a wurin sai koren ƙyallen da aka shimfiɗa.

Desley ta riga ta haɗa zagin da za ta yi masa, yana kan harshenta. Sai ta ga abin da ya sa ta haɗiye shi.

Gavan bai kalli ɗan lidon ba. Yatsunsa ne suka fara rarrafe a kan ƙyallen, suna lalube kamar mai neman allura a duhu. Ya karkata kai gefe yana kallo ta wutsiyar ido. Yatsun suka zo dab da ɗan lidon, suka wuce shi, suka sake dawowa, suka sake wucewa.

Abu ja jawur, a gabansa, da rana tsaka.

"Ya Ubangiji," in ji Sefo a hankali. "Baba Gavan... ba ka ganinsa ne?"

"Kada ka raina min hankali."

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Sefo, zan ci mutuncinka yau!"

"Ban ɗaga ko ɗaya ba, Baba," in ji Sefo, muryarsa ta karye. "Hannuwana suna kan cinyata."

Marika ta buga tebur har ruwan kwalbar ya girgiza.

"Ya isa haka, tsoho! Ka gaya musu ko ni in gaya musu."

Gavan ya jingina da kujera. A take ya tsufa a gabansu.

Marika ce ta yi maganar, tana yi tana jan hanci. Tsakiyar idon ce ta mutu, duka biyun. Gefe-gefe yana ganin inuwar mutum, yana gane ƙofa da taga, amma duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya ɓace. Likita ya ce ba ya dawowa. An haura shekara biyu ana haka.

Desley ta yi mutuwar zaune.

Sai abubuwa suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ya daina tuƙi, ya ce gwiwa ce. Ya daina yi wa 'yan mutum-mutumi fenti, ya ce hannu ke rawa. Littafin dokokin yana nan a gefensa kullum, amma yaushe rabon da ta ga ya buɗe shi? Ita da take aiki a gidan kula da tsofaffi, take gane mai ciwon ido tun daga yadda yake riƙe cokali! Duk Lahadi tana zaune a gabansa, kwali ɗaya ne tsakaninsu, ba ta gani ba. Kunya da haushi suka taru suka kama ta.

"To lidon fa?" in ji Sefo. "Duk wannan ƙarar da muke ji a bayan kwali?"

"Jefawa nake yi," in ji Gavan. "Don ku ji ƙarar."

"Lambar fa?"

"Daga kaina."

"Shekara biyu?"

"Da ɗoriya."

Sefo ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Tsaya, tsaya. Akuyata fa? Ta cikin wasa, wadda na sa wa suna Madam, da ka ce ta zame daga kan dutse bara, har na sa muka yi mata shiru na girmamawa?"

"Ni na kashe ta."

"Kai!"

"Duk sati sai ka cinye mana rabin zama kana tatsarta. Ta ishe ni, Sefo."

"Jama'a ku zama shaida! Kisan gilla! Akuyar da ba ta ci maka komai ba!"

"Ta ci taswira."

Dariya ta suɓuce wa Marika cikin kuka. Ta toshe baki da sauri, don ta ga fuskar Desley.

Desley ba ta yi dariya ba.

"Ranar guguwa fa?" ta ce.

Gavan ya kau da kai.

"Bara. Ranar da ta zo daidai da ranar rasuwar Kelvin. Ambrose yana rataye a jikin tsani, fitila ta mutu, jirgi cike da mutane yana tahowa. Ka jefa. Ka ɗago kai ka ce min, Des, ashirin cif, wani yana kallonki daga sama."

"Des..."

"Na tashi daga nan na tafi maƙabarta cikin ruwan sama. Na durƙusa a cikin taɓo na ce masa, Yaya, na ga saƙonka. Ni da girmana! Me lidon ya nuna a ranar?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba."

"Na ji muryarki ne. Tun da kika shigo na ji ba daidai kike ba. Na ce yau ko sama za ta faɗo Ambrose ba zai mutu ba."

Hawaye suka zubo mata, masu zafi. Abin da ta fi riƙewa a duk shekarun nan ke nan, ashirin ɗin nan. In aiki ya yi mata nauyi ita take tunawa. Ashe tsoho ne ya ji tausayinta a bayan kwali.

Ta goge fuska da bayan hannu.

"To na ji. Ran nan tausayi ne. Yau fa?"

Gavan ya sunkuyar da kai.

"Yau fa, Gavan? Tunda ba lido ke magana ba, kai ke magana. Ka zauna, ka duba cikin kanka, duk lambobin duniya ka zaɓo uku. Me na yi maka?"

"Ni ma abin da nake jira in ji ke nan," in ji Marika. "Da safen nan kana shan shayi ka yi min alkawari yau za ka gaya musu komai. Ban san haka za ka gaya musu ba."

"Komai kamar me?" in ji Sefo. "Akwai saura?"

"An sayar da shagon," in ji Marika.

"Wane shagon?"

"Shago nawa gare mu, Sefo? Ƙarshen watan nan za mu ba da makulli. Wurin gyaran farce za a mayar da shi."

Sefo ya waiga ya kalli kantocin da suka rage, akwatunan wasannin da rana ta ƙoɗar da su, hoton su Kelvin a bango suna ɗaga kofi. Ya koma ya zauna daɓas, kujerar ta yi ƙara.

Gavan ya haɗe hannuwansa a kan tebur. Da ya buɗe baki, ba muryar Mai Teku ba ce, wadda in ya kwaikwayi tsawa har gilashin taga ke amsawa. Muryar wani ɗan tsoho ce.

"Na kasa ne. Sau nawa ina buɗe baki in rufe. In ce muku me? Shago ya tafi, ido ya tafi, kuma duk abin da kuka yi ihu a kansa shekara biyu ƙarya ce? Sai na tuna abin da kika ce, Des. In Ambrose ya shiga kwalba, kin tafi. In kin tafi, masu gadi biyu ba sa riƙe fitila, tebur ya watse da kansa. Kowa ya koma gida yana cewa teku ce. Ba wanda zai san komai. Ku tuna ni a Mai Teku, ba makahon da ake riƙe wa hannu ba."

Wallahi da ya mare ta da ya fi mata sauƙi.

"Wato," ta ce, kalmomin suna fita ɗaya-ɗaya, "ka gwammace in binne yayana sau biyu, da ka buɗe baki ka ce ba ka gani."

"Haka ne."

"Abokinka. Kai ka riƙe akwatinsa ta gaba."

"Haka ne, Des."

"Ko musu ba za ka yi ba?"

"Da me zan yi?"

Ta so ya yi musun. Ta so ya ɗaga murya ta samu abin kamawa. Sai ga shi zaune yana kallon gefen kafaɗarta, don nan ne kawai yake iya ganinta.

Sefo ya tafa hannu, ya ƙaƙalo fara'a.

"To ai shi ke nan! Anti Des, sha bakwai ne, mu uku mun gani. Ambrose ya tsira! A rufe kwalba, in je in sayo wani kifin, wancan iska ta yi sadaka da shi."

"Bai ƙirgu ba," in ji Gavan.

"Kamar yaya?"

"Ɗan lidon teku in idon mai gadi ya gan shi, ya ɓaci. Sai an sake."

"Wane mara aikin yi ne ya kawo wannan dokar?"

"Kelvin ne," in ji Desley. "Ranar da ya kama ka kana leƙe ta gilashin taga."

"Sau ɗaya ne fa! Sau ɗaya tak, ku mutanen nan ba ku mantuwa?"

"Ya ba ni labari har sau goma."

"Anti Des, don girman Allah ki karɓi sha bakwai ɗin nan mu wuce wurin."

"A'a."

Ta ajiye Ambrose a tsakiyar tebur, kusa da kwalbar.

"Shekara biyu yana rayuwa da sadaka, yau kuma an so a kashe shi da ƙarya. Ya isa. Yau lido ne zai yi magana. A fili, a gaban kowa, ba kwali."

Ta jawo jakarta, ta zuge ƙaramin aljihun ciki, ta fito da wani ƙullin ƙyalle.

Marika ta ja numfashi. Ta san abin.

Ɗan lidon Kelvin ne. Da ragowar katakon jirgi ya sassaƙa shi, girmansa ya kai lemon tsami, fuska ashirin cif. Bai yarda da fenti ba, wai fenti gogewa yake yi, don haka da kurfi ya haƙa lambobin, masu zurfi, har farce yana shiga. Tun da ya rasu take yawo da shi, ba ta taɓa jefa shi ba.

Ƙamshin katakon ya tashi. Gavan ya ɗaga hanci.

"Na Kelvin ne?"

"Shi ne."

Marika ta kama mata wuyan hannu, ta matso da bakinta kusa da kunnenta.

"Des, in ya nutse da gaske tafiya za ki yi?"

"Na faɗa tun farko."

"Na sani. Amma ki ji ni. Daga Litinin zuwa Asabar mutumin nan bango yake kallo. Ba ya karatu, ba ya kallon ƙwallo, abincin ma sai na yi da gaske. Ina wanke-wanke zan jiyo shi a falo yana gwada muryar ɗan fashin da zai yi muku ran Lahadi, yana yi yana dariya shi kaɗai. Ita ke nan ta rage masa. Na riga na share teburin kicin ɗina, na ce in shago ya tafi sai ku dawo can. Shi ne girman kai ya hana shi faɗa."

"Ina jinki fa, Marika," in ji Gavan. "Ido ne ya mutu, ba kunne ba."

"To ka ji ɗin!"

Ya gyara zama.

"Bar ta ta jefa. In ya tsira, zan ja muku wasa a kicin, ku riƙa karanta min lido kamar ɗan yaye, na yarda. In ya nutse, ta saka shi a kwalba ta tafi, an gama. Ni ba ni da bakin magana kuma."

Desley ta zare hannunta daga na Marika.

Ta dunƙule ɗan lidon a tafinta. Katakon ya ɗauki ɗumin jikinta. Tsoro take ji irin wanda ba ta ji ba tun Kelvin yana kwance a asibiti.

Sefo ya rufe ido yana motsa leɓe.

"Addu'a kake yi wa ɗan darma?" in ji Marika.

"Na yi wa akuya ma."

Desley ta saki.

Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ya bi tsakiyar tebur. Ya bugi kofin shayin Marika, ya juya, ya yi ta mirgina kamar ba zai tsaya ba, ya je ya daki gindin kwalbar matattu.

Ya tsaya.

Huɗu.

Sefo ya buɗe ido ɗaya, ya gani, ya sunkuyar da kai.

Marika ta sa hannu biyu ta toshe bakinta.

Desley ta ƙura wa lambar ido. Huɗu, da hannun Kelvin, ƙafarta ta ɗan karkace yadda yake rubuta ta a jikin katako. Ba kwali, ba tausayi, ba ƙarya. Abin da ta nema ke nan, ga shi an ba ta. Ambrose ya mutu.

"Ya tsaya?" in ji Gavan.

Ya matso da kunnensa kusa da tebur.

"Na ji ya bugi kwalba. Ya tsaya ko?"

Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yana neman abin ta wutsiyar ido. Mutumin da tun suna matasa shi ke faɗa wa kowa makomarsa a teburin nan, yau shi ne ke tambaya.

"Wani ya yi magana mana. Sefo? Marika?"

Su biyun suka ɗago suka kalli Desley.

Sai a lokacin ta gane inda take zaune. Yanzu ita ce a bayan shamakin. Ita ke gani, shi ba ya gani, kuma duk abin da ya fito daga bakinta shi ne teku.

Ta kalli Ambrose da rigarsa ruwan ɗorawa. Ta kalli bakin kwalbar a buɗe. Ta kalli hannuwan Gavan a kan tebur, yana danne ɗaya da ɗaya. Har yanzu haushinsa take ji, wallahi kamar ta shaƙe shi. Amma ta hango shi ran Lahadi mai zuwa, zaune a falo, yana kallon bango.

"Des," ya ce a hankali. "Ke kika jefa, ke za ki faɗa. Nawa ne?"

Ta ji bakinta ya buɗe.

"Sha huɗu."

Sefo ya zaro ido kamar za su faɗo. Marika ta saki wani sauti, ita kanta ba ta san kuka ne ko dariya ba.

Gavan ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Fuskarsa ta saki, hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Sha huɗu," ya maimaita. "Ja'irin tsoho, ya sake tsallakewa. Kin ga ko? Da na bar lido ya yi aikinsa tun farko."

"Eh," in ji Desley. Muryarta da ƙyar ta fita.

"Kada kowa ya taɓa shi, ku bar shi yadda ya tsaya." Ya share fuska da hannun riga, yana murmushi. "Kin san duk lidon da ke shagon nan sumul suke, na sha gwadawa, yatsa ba ya jin komai. Na Kelvin ne kaɗai aka haƙa. Shekara biyu rabona da in karanta lido da kaina."

Gaban Desley ya yanke ya faɗi.

"Kama hannuna, ƙanwata," in ji Gavan. "Ɗora min yatsa a kai in ji sha huɗun nan."

Ya miƙo mata hannu.